Sunan da Na Haɗiye

A kufan Zangarma akwai wata ƙofa da ke tsaye ita kaɗai, babu bango a damanta, babu a hagunta. Wanda ya bi ta cikinta da safe ko da yamma, ciyawa zai tarar a ɗaya gefen. Amma idan rana ta take tsaka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, wanda ya tsallaka dokin ƙofar nan birni zai tarar, da gidajensa da kasuwarsa da mutanensa, in har za a kira su mutane. Ni Tabawa na shiga na fito, kuma da ni aka bai wa zaɓi, da ban fito ba.

Maigidana malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma Allah bai ɗora masa son komai ba sai kango. Mazan mutane idan an yi dogon hutu su kai iyalinsu ganin dangi ko gidan zu, mu kuwa sai a loda mu a tsohuwar mota, da tabarma da kular shinkafa da wake, a nausa daji neman rusasshen gari. Mun ga ganuwar da ta koma tudu. Mun ga gidan sarautar da jemagu suka gada, mun ga masallacin da kuka ta tsiro a tsakiyarsa. Malam ya tsaya yana shafa tubali kamar kan jariri, ni ina korar sauro ina mita.

'Ya'yanmu biyu ne, duka mata. Ƙaramar Zulai, lokacin shekarunta shida. Babbar tana da goma sha huɗu, kuma ba za ku ji sunanta a bakina ba, za ku san dalili. 'Yar fari ce, sannan aka sa mata sunan surukata, wadda muke ce wa Iya, Allah ya jiƙanta. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan yarinya ɗaya. Ubanta yana ce mata Uwata. Ni kuwa tun da na haife ta abin da nake ce mata bai wuce "ke" ba. Ba ƙi ba ne, Allah shi ne shaida. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi wa kowa a gidanmu. Idan son ya cika ni, sai in tura mata babbar tsoka ƙasan tuwo inda ba mai gani, in ɗaure fuska in miƙa mata.

Ran da za mu Zangarma, cikin damina, muna mota na ce, "Ke, miƙo min ruwan nan."

Ta miƙo. Sai ta ce, "Mama, wai ni ba ni da suna ne? Zulai kina kiranta ya fi sau ashirin a rana."

Malam ya tuntsire da dariya. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na mayar da ita faɗa. Na ce, "Ji min 'yar zamani! Rufe min baki, mara ta-ido." Ta juya ta kalli taga.

A bakin kufan muka tarar da wani tsoho yana noman gero. Ya ɗago ya ce, "Malam, ku ga abin da za ku gani, amma idan rana ta yi tsaka ku nisanci ƙofar can." Malam ya yi masa godiya, da muka wuce ya ce camfi ne na mutanen ƙauye. Ya saɓa Zulai a wuya, ya tafi yana auna tsawon fadar da ta rushe da taku. Ni na shimfiɗa tabarma a gindin marke ina buɗe kula.

Ina ɗagowa na hango babbar tana tafiya wajen ƙofar. Na dubi ƙasa, babu inuwa ko ta tsinke. Na ce, "Ke! Ke!"

Ta tsaya. Wallahi ta ji ni, na ga kafaɗarta ta motsa. Ba ta waiwayo ba, ta tsaya cak tana jira, kuma na san abin da take jira. Na ce, "Ke, ba magana nake miki ba?"

Sai ta ɗaga ƙafa ta tsallaka, ciyawar da ke bayan ƙofar ta ci gaba da kaɗawa, babu kowa a cikinta.

Ban san lokacin da na yi cilli da murfin kula ba. Ko takalmi ban sa ba, na zura a guje na faɗa ta ƙofar.

Na tsinci kaina a cikin wani zaure mai sanyi, an shafe shi da makuba yana sheƙi. A gabana wani dogo yana tsaye, rawaninsa na saƙar gizo-gizo yana gogar azara, ƙafafunsa kofato ne irin na jaki. Ya gindaya sandarsa ya ce, "Dakata, ya ke 'yar Adam. Sarkin Ƙofa ke tambaya. Me kika yar da kika biyo sawunsa?"

Na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban yar da komai ba. 'Yata ce ta shigo yanzu. Ku taimake ni ku ba ni abata."

Ya ce, "Mu mutanen Zangarma ba ma sata. Abin da 'yan Adam suka bari muke tsinta. Sun bar birni, muka tsinta. Sun bar rijiyoyi da masaƙu, muka tsinta. Idan yarinyar taki ce, kira ta da sunanta. Ko tana ƙarƙashin ƙasa ta bakwai za ta fito ku tafi."

Na ce a raina, wannan ai mai sauƙi ne, yau kunya ta ci gidansu. Na buɗe baki. Innalillahi! Babu. Na laluba kaina, na laluba harshena, na tuna ranar suna, na tuna ragon, na tuna har zanen da na ɗaura, amma sunan babu shi, kamar gurbin haƙorin da aka cire.

Sarkin Ƙofa ya ce, "Shekara goma sha huɗu yana ajiye a bakinki ba ki taɓa shi ba. Yau ta tsaya a bakin ƙofarmu tana jiransa, kika bar shi. Mun tsinta."

Na faɗi ina birgima ina roƙonsa. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Hanya ɗaya ce. Ki ratsa kasuwa, ki tsallake gwalalo, ki isa zawiyar Liman Makaho, inda ake ajiyar sunaye. Ki karɓo naki, ki kai shi fadar Magajiya, sarauniyarmu, ki kira 'yarki a gabanta. Amma ki riƙa duban inuwarki. Idan ta kai tsawonki, birnin nan zai koma ƙasa, ke ki koma waje."

Na dubi ƙafata. Inuwar ta fara leƙowa, kamar faɗin yatsa biyu. Na tashi na ruga.

Kasuwarsu ta cika maƙil, amma babu sabon abu ko ɗaya. Akussan da suka tsage, turamen da suka huje, kwarkwaro da mazari, takubba masu tsatsa. 'Yan kasuwar fuskokinsu a ƙeya suke, suna ba ka baya suna kallonka. Ina kutsawa wata tsohuwa mai ido ɗaya ta cafke min hannu, ta ce, "'Yar Adam, ga kayanki." Ta ɗago wani zanen goyo mai ruwan bula. Na gane shi nan take. Da shi nake goya ta a ɗaki idan ba kowa, da na ji sallama sai in kwance ta in miƙa wa duk wanda ke kusa, kada a ce ina rawar kai da 'yar fari.

Tsohuwar ta ce, "Ba za ki tsallake gwalalo ba sai da shi. Ba ma karɓar kuɗinku. Ba ni dariyarki."

Na ce, "Ɗauki, Baba. Me zan yi da ita?" Ta zura yatsa a gefen bakina ta zaro wani abu kamar zare, ta naɗe ta jefa a ƙwarya. Tun daga ranar ban ƙara yin dariya ba, kuma ban nema ba.

Gwalalon rami ne mai faɗi da ya kewaye zawiyar, cike da baƙin ruwa irin na karofi. Hannuwa ne ke fitowa daga cikinsa, shuɗɗa har gwiwar hannu, suna laluben iska. Na warware zanen na jefa, ya miƙe ya sandare ya zama gada. Na hau ina tafiya, hannuwan suna shafar gefensa. Saura taku uku in kai gaɓa, sai gadar ta ƙare. Daga ƙasa wata murya ta ce, "Tsawonsa daidai yake da kwanakin da kika goya ta. Ba mu rage ko kamu ɗaya ba."

Da na Zulai ne, da ya kai har ya yi saura. Na runtse ido na yi tsalle. Ƙirjina ya bugi gaɓa, wani hannu ya damƙi diddigena, na yi ta shure-shure ina kama saiwa har na ƙwace. Shuɗin yatsu biyar ɗin nan yana nan a ƙafata har gobe, ba sabulun da ban gwada ba.

Zawiyar ginshiƙai ne jere ba iyaka, kuma daga kowace azara 'yan goruna ne ke reto, dubu a kan dubu, kowace tana raɗa. A tsakiya Liman Makaho yana zaune a kan buzu, gemunsa ya naɗe ginshiƙai uku. Na yi sallama, ya amsa cikakkiya, ya ce, "Na ji takunki tun daga kasuwa, ya ke uwar da ba ta kira. Duk sunan da aka raɗa wa jariri a kunne, amonsa a nan yake sauka, ya zama ruwa a gora. Duk kiran da uwa ta yi, ɗigo ɗaya yake raguwa. Nemi taki."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ta yaya zan gane ta a cikin wannan taro?"

Ya ce, "Ɗaga su ki ji."

Na bi su ina ɗagawa. Wannan shafal, wannan rabi, wannan saura kaɗan. Na ci karo da ta Zulai, na ji muryata a ciki tana ta kira, har ta kusa ƙafewa. Inuwata ta kai rabin tsawona, gumi yana shiga min ido. Can a lungu, bayan wani ginshiƙi, na ga wata ta ja igiyarta ta kusa taɓa ƙasa saboda nauyi. Ba ta raɗa komai. Na ɗaga ta da hannu biyu, cike take har wuya, ko ɗigo bai ragu ba. A nan na zauna na yi kukan da ban yi ba ran da uwata ta rasu.

Liman ya ce, "Kukan nan inuwa yake ƙara miki. Matso." Ya karɓi gorar ya ce, "Suna ba a ɗaukarsa a hannu. Buɗe bakinki. Kada ki zubar, kada ki haɗiye, kada ki yi wa kowa magana har sai kin tsaya a gabanta. Ko wa kika gani, 'yar Adam. Na ce ko wa kika gani."

Ya tsiyaya min. Ruwan sanyi ƙarara, kuma yana taɓa harshena na ji sunan ya dawo, kowane harafi nasa. Ashe sunan yana da daɗi haka? Na gumtse bakina na fita.

Hanyar fada ta kan ganuwa take, faɗinta bai wuce tafin ƙafa ba. Ta dama birnin aljanu, ta hagu duniyarmu, ina ganinta tar. Ga motarmu, ga tabarmata, ga shinkafa a zube. Ga Malam yana gudu cikin ciyawa ba hula, yana ƙwala kira, Zulai tana binsa tana faɗuwa tana "Mama! Mama!" Na kau da kai. Iska ta taso tana neman tuge ni, na rarrafa da gwiwa. Wasu tsuntsaye masu fuskar tsofaffi suka yi ta sukata a kumatu don in buɗe baki, na bar su suka yi ta yi har jini ya zubo. Sai ga Zulai a gabana, tana reto a bakin ganuwar da hannu ɗaya tana cewa, "Mama, ki ce in riƙe ki!" Na duba hagu na ga Zulai ta gaskiya tana can wajen ubanta. Na tsallake ta ƙaryar, ta faɗa tana ƙyaƙyata dariya.

Da na sauko ƙofar fada har na fara cewa a raina, Tabawa, kin ci. Inuwata saura kamar taki ɗaya ta kai tsawona.

Fadar Magajiya soro ne mai faɗi, jama'arta zaune sahu-sahu, tsit. Ita tana kan karaga, lulluɓe da farin mayafi, ba a ganin komai nata sai zara-zaran yatsu. A gabanta 'yata ce zaune, kanta a kan cinyar Magajiya, ana yi mata kitso irin nasu. An gama duka, saura ɗaya a gefen kunne. Ta ɗago ido ta gan ni, da jini a fuska, da kumatu a cike. Fuskarta ta washe, ta ce, "Mama!"

Taku biyar ne tsakaninmu. Na yi ɗaya, na yi biyu.

Sai na ji tari a gefena, wani ɗan tari guda biyu da na sani kamar yunwar cikina. Na juya. A gindin ginshiƙi, a kan 'yar tabarmarta, Iya ce zaune, surukata, mai sunan. Ga carbinta, ga saƙin da take yafawa, ga jan goro a leɓenta. Ta dube ni sama da ƙasa yadda ta saba, ta ce, "A'a, Tabawa ce? Haka ake wuce manya yanzu?"

Jama'a, na san Iya ta shekara huɗu a kabari. Na san abin da Liman ya ce. Amma shekara goma sha biyu na yi ina durƙusa wa matar nan safe da yamma, ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa bari ko mai irin sunanta in ambata ba. Kafin hankalina ya iso, gwiwoyina sun riga sun kai ƙasa. Kaina ya sunkuya da kansa. Maƙogwarona ya motsa, na ji sanyi ya gangara ƙirjina, na ji bakina yana cewa, "Ina wuni, Iya."

Iya ta zube ta zama tulin jar ƙasa, gara tana fita daga ciki.

Na yi ihu, na zura yatsa a maƙogwaro, na yi ta kakari. Ko ɗigo bai dawo ba. Magajiya ta yi magana, muryarta a kwance, ba fushi ba murna. Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ki shaida ba mu zalunce ki ba. Sau biyu aka ba ki sunan nan, ran suna da yau. Sau biyu kika zaɓi kunya."

Na ja gwiwa na kama gefen karagarta. Na ce, "Ranki ya daɗe, ki riƙe ni ki sake ta. Zan yi miki daka, zan yi miki shara har in mutu. Yarinya ce, ko jarrabawarta ba ta gama ba."

Ta ce, "Ke ana kiranki. Saurara, mijinki yana kira, ƙaramar 'yarki tana kira. Ba ma ɗaukar abin da ke da mai shi."

'Yata ta miƙo hannu, bai kai gare ni ba. Ta ce, "Mama, ki gwada. Sau ɗaya kawai. Ko a hankali ne, zan ji."

Na buɗe baki, na tattaro duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Na ce, "Ke..."

Yatsun Magajiya suka kama kitson ƙarshe. 'Yata ba ta yi kuka ba, ni ce nake yi. Ta ce, "Bar shi, Mama. Ni ma da na juyo da kika kira. Kuma naman da kike ɓoye min a ƙasan tuwo, na sani. Tun ina ƙarama na sani."

Aka ɗaure bakin kitson. Inuwata ta kai tsawona. Soron ya tsage, ginshiƙan suka narke, na ji ƙasa tana zubo min a ka, sai ga ni kwance cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, Malam yana jijjiga ni yana cewa, "Ina Uwata? Tabawa, ina Uwata?"

An nema. Mutanen ƙauyen sun fito da karnuka, an leƙa kowace tsohuwar rijiya, an yi saukar Alƙur'ani ba adadi. Tsohon nan mai gero ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Da muka koma gida na ce wa Malam ya faɗa min sunan. Ya faɗa. Na ga leɓensa yana motsi, ban ji komai ba. Ya rubuta min a takarda, na ga fari fat. Na ɗauko littattafanta na makaranta, inda ta rubuta sunanta da hannunta, wurin kamar an ɗiga ruwa ya bushe. Sunan yana nan a cikina, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani ɗan sanyi da ba ya tafiya ko da zazzaɓi nake. Ina jinsa, amma ba ya hawowa.

Yau shekara biyar ke nan. Malam ya daina auna ganuwa, ya tattara littattafan kufai ya kulle a akwati. Amma duk dogon hutu muna loda tabarma a mota, ba mai cewa ina za mu. Zulai ta girma, ta kusa kai shekarun yayarta na wancan lokacin, kuma ina kiranta har sai ta ce, "Mama, ga ni fa a gabanki." Matan unguwa idan sun haihu na fari ina zuwa barka, in ɗauki jaririn in tambayi uwar sunansa, in ƙi tashi sai ta faɗa da bakinta. Suna cewa na taɓu. Su faɗa.

Idan mun isa sai in jira rana ta take tsaka, in je in tsallaka ƙofar. Ciyawa nake tararwa. Ba ta sake buɗe min ba, don ni ina da masu kirana. Malam ya tsaya ya yi ta kiran sunan har muryarsa ta dushe, amma ba kiransa ake jira ba.

Bana da na tsaya a bakin ƙofar, na ji taku daga ciki. Ya matso, ya matso, ya tsaya cak, irin tsayuwar nan ta mai jira. Na dafa ginin da hannu biyu. Na danna haƙarƙarina, na yi yunƙuri irin na naƙuda, har na ji ɗanɗanon jini. Abin da ya saba fitowa shi ya fito.

Na ce, "Ke."

Daga can ciki, a hankali, da muryar da ta zama ta babbar mace, aka ce, "Na'am, Mama."

Ta amsa. Amma ƙofar ba ta san wannan sunan ba. Muka tsaya a haka, ni a nan ita a can, har inuwata ta fito daga ƙarƙashin ƙafata, na ji takun yana komawa.